Neman Isuhu a Gudun Kala

Wata na biyar ke nan da dawowata daga Yamai, amma har yau in na zauna shan shayi a bakin kasuwar Kankiya sai wani ya taso da maganar. Wai Lawal Mai Inji, ba mu labarin gudun kala. Wai da gaske ne ka sa riga mai gajeren hannu ka yi tsere da 'yan mata? Malam Bala ne ya baza zancen, Allah ya shirya bakinsa, kuma rabi ya baza. Na gaji da murmushin yaƙe, na gaji da cewa sai wani lokaci. Zan faɗa sau ɗaya, tun daga fitata har komowata, wanda ya ga abin dariya a ciki ya yi abarsa.

Ni ba mutumin Kankiya ba ne, zama ya kawo ni. Ƙauyenmu yana gaba da Ƙofa kaɗan, a ƙasar Kusada, can mahaifiyarmu Inna take tare da ƙanwata Larai. Mu uku ne muka rayu cikin ɗiyan Inna: ni babba, sai Larai, sai autanmu Isuhu. Shekara bakwai da suka wuce ɓarayin daji suka kore shanun ƙauyen, da gari ya waye aka ce ai da ɗan gida aka haɗa baki. Sunan Isuhu ya fito, don shi ke kai wa rugage niƙa a kan babur, yana da abokai a can. Mai unguwa ya kira ni gaban jama'a ya tambaye ni ko na san inda ƙanena ya kwana. Na sani sarai. Tare muka kwana a rumfar inji muna fama da bel ɗin da ya tsinke. Amma na dubi samarin da suka kewaye mu da gorori, na ji wani daga baya yana cewa a cinna wa injin wuta, sai na ce ban sani ba. Isuhu yana tsaye yana kallona. Kafin la'asar ya bar ƙauyen da rigar jikinsa.

Bayan shekara biyu aka kama wanda ya yi, ya kuma faɗa da bakinsa. Ba wanda ya ce a nemo Isuhu a ba shi haƙuri. Kowa ya yi gum, ni ma na yi, na kwance injina na dawo Kankiya.

Bana ciwon Inna ya tsananta. Ƙafafu suka kumbura, abinci sai kunu, shi ma cokali biyu. Ana cikin haka Malam Bala, mutumin Rimaye da ya daɗe yana sayar da shayi a Yamai, ya zo ganin gida ya biyo ta wurina. Ya ce bara ya ga Isuhu da idonsa. Wai akwai wani gudu da ake yi sau ɗaya a shekara, ana watsa wa mutane hoda mai kala, ana ɗaukar 'yan ga-ruwa da masu dako aikin yini guda su yi watsawar. Cikinsu ya hango shi yana sauke buhu daga mota. Ya kira sunansa, ya waiwayo, sannan ya shige cikin mutane. Bala ya yi cigiya har ya gaji, ba wanda ya san inda yake kwana. Ya ce in dai ana son kama shi, to ranar gudun ce, saura kwana tara.

Na je na gaya wa Inna. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai dai ta ce kai. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, “Kai, ka je ka zo mani da shi. Ina so in gan shi da idona kafin a rufe su.” Larai ta raka ni zaure ta ce in zan yi in yi da sauri, ita ke juya ta, ta san abin da ya rage.

Na bar Kankiya ranar Laraba da safe. Zuwa Katsina ba abin faɗi. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa, ku da kuke bin hanyar kun san yadda mota ke yin tsit, direba ya kashe rediyo, kowa ya shiga jan carbi yana kallon daji ta wutsiyar ido. Allah ya tsare muka isa. A kan iyaka aka sauke mu duka. Ɓangarenmu na nuna kati na wuce. A ɗaya ɓangaren aka ce ina katin rigakafi. Na ce ni tun ina yaro aka yi mani lamba, ga tabon nan, na naɗe hannun riga na nuna. Mutumin ko kallon tabon bai yi ba, ya nuna mani wani ɗaki. Nan wata mata ta soka mani allura a dantse ba ko sannu, ta miƙo mani takarda ruwan ɗorawa. Kafin mu shiga Maraɗi hannun ya kumbura ya yi zafi, ko ɗaga shi ba na iyawa.

Wata Hajiya mai fataucin atamfa ce kusa da ni a motar, mutuniyar Maraɗi, bakinta ba ya hutawa. Ta tambaye ni fatauci ko ziyara. Ban san abin da ya sa ba, na kwashe labarin duka na gaya mata, abin da ban taɓa gaya wa matata ba. Ina ganin don na san ba za mu sake haɗuwa ba ne. Ta ce gano shi ba zai yi wuya ba, in yi addu'a dai ya yarda ya tsaya. Na ji haushinta ƙwarai, na juya mata ƙeya har muka sauka. Duk da haka ita ta nuna mani tashar manyan motocin Yamai, ta kuma sa aka ba ni tabarma a rumfar da fasinjoji ke kwana.

Motocinsu daban suke da namu. Ba a jiran mota ta cika, lokaci na yi take tashi, ko da kai ko ba kai. Kuma kowace kujera da lambarta. Ni ban sani ba, na samu gefen taga na baje, sai ga wani ɗan gaye ya tsaya a kaina yana nuna mani takarda yana Faransanci. Na ce mashi malam, na riga ka. Ya ce ba a riga a nan. Muka yi ta yi har yaron mota ya zo ya tashe ni a gaban mutane ya kai ni can baya, kusa da wani tsoho mai kaji biyu a kwando. Hannuna mai allura shi ne ta ɓangaren tsohon, duk ramin da muka faɗa sai ya buge shi da kafaɗa ya ce gafara. Yini guda cur muna tafe. Ƙonni, Dogondutsi, Doso, ko'ina a sauka a nuna kati a taka a ƙafa a sake hawa. A Ƙonni na sayi dogon burodin nan nasu mai kama da muciya, na kai mashi cizo irin na gida, ya yanke mani dasashi. Da jini a baki na ƙarasa shi, don yunwa nake ji.

Bala, da ya riga ni komawa, ya tarye ni a tasha. Ɗaki ɗaya suke su biyar, a wani lungu da ba shi da nisa da kogi, sauron wurin kuwa ko da rana ba ya jin kunya. 'Yan ɗakin mutanen kirki ne, suka matsa suka ba ni gefen bango. Abinci shinkafa, safe shinkafa, rana shinkafa. Da na tambayi tuwo aka kawo mani zogale da ƙuli cike da kwano, abin da mu muke ɗauka kwaɗon marmari su shi ne abincin. A titi in ka yi sallama da Hausa wani ya amsa, wani ya mayar maka da Zabarmanci, wani ya wuce abinsa. Ranar Juma'a na bi masallatai biyu ina leƙen fuskoki, na bi bakin kasuwa inda masu dako ke zama. Ban ga kowa ba sai ciwon ƙafa.

Bala ya ce ba yadda za a yi in tare shi a waje. Ana kewaye hanyar gudun da igiya da masu tsaro, ma'aikatan kuma a babbar mota ake shigo da su ta wata ƙofa. Wanda bai sa rigarsu ba ba ya shiga. Haka na je na yi rajista, ni mai shekara arba'in da takwas, da furfura a gemu. Wata yarinya ta ba ni farar riga mai gajeren hannu, da tabarau na roba, da wani zare da ta ɗaura mani a wuyan hannu. Na tambaye ta me ake ba wanda ya zo na ɗaya. Ta ce ba na ɗaya. Na ce to me ake gudu? Ta yi dariya ta ce nishaɗi ne, Baba. Gajeren wando kam na ce ko za a kashe ni ba zan sa ba, da wandon kaftanina na shiga, da takalmin roba.

Bayan la'asar ranar Asabar aka tara mu. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Manyan mutane masu tumbi da 'ya'yansu a kafaɗa, 'yan mata wasu da hijabi wasu ba ko ɗankwali, Kwarori 'yan Labanan, Turawa ɗai-ɗai, kowa fari fat. Aka saki kiɗa, wani ya hau dandamali yana tsalle, dubban mutane suna kwaikwayonsa. Na rakuɓe gefe kunya kamar ta kashe ni. A wajenmu in ka ga babba yana gudu ba ka tsayawa tambaya, kai ma zurawa kake yi, don wani abu ne ya koro shi. Nan kuwa mutum ya ci ya ƙoshi ya zo a ba shi izinin gudu. Da za a tashi aka harba wani abu sama, ya yi ƙara, hayaƙi ja ya tashi. Kowa ya yi ihu na murna. Ni ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba. Wani yaro da ubansa suka ɗaga ni suna dariya, suna tsammanin tuntuɓe na yi.

Dabarata ɗaya ce. Bala ya ce wurin watsawa huɗu ne, rawaya, ja, kore, shuɗi, kuma masu watsawar duk suna rufe hanci da baki da ƙyalle, suna sa tabarau. Fuska ba za ta yi mani amfani ba. Amma Isuhu bahago ne, tun yana yaro Inna ta yi dukan duniya bai daina ba. Don haka hannu zan duba. Na cire tabaran na sa a aljihu, don yana sa ni ganin dishi-dishi.

A wurin rawaya aka fara zuba mana. Ya shiga bakina, na tauna, na murza a yatsa, sai na tsaya cak a tsakiyar hanya mutane suna bangaza ta. Shekara talatin ina niƙa, ba wanda zai gaya mani. Garin masara ne. Lallausa, tankaɗaɗɗe, wanda injina ko sau uku na mayar ba zai fitar da irinsa ba, an zuba mashi kala. Buhu-buhu a jere, ana ɗiba da kwano ana watsawa sama, ana tattakawa. Ni da nake da matan da ke zuwa da yamma da tsintsiya su share ƙarƙashin injina, su tankaɗe ƙasar su dama wa yara kunu. Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi magana. Wa zan gaya wa? Na haɗiye na duba hannuwa, duk na dama ne.

Wurin ja ma haka. A lokacin numfashina ya fara sarƙewa, dantsen nan yana bugawa, takalmin ya cinye mani diddige. Mutanen da muka taso tare duk sun rikiɗe, ba ka gane Bature ba ka gane Bazabarme, sai haƙora. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce ko da Isuhu yana nan, in yau an sa shi cikin masu share hanya fa, ko bana bai zo ba? Me zan koma in ce wa Inna? Ina tafe ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A wurin kore na gan shi. Na uku a layin hagu, siriri, yana ɗiba da hagu yana watsawa da irin juyin kafaɗar nan da yake yi in yana shiƙa. Kowa in ya zo wurin runtse ido yake ya sunkuya. Ni na nufe shi kai tsaye ido buɗe. Na ga ya tsaya. Na ga ya cika kwanon. Kafin in ce Isuhu ya sheƙa mani shi duka a fuska, da ƙarfi, ba irin watsawar wasa ba.

Duniya ta yi duhu. Idanuna kamar an zuba barkono, garin ya toshe mani hanci da maƙogwaro, na faɗi a gwiwa ina tari, ƙafafu suna bi ta kaina. Wani ya taka mani hannu. Ina jin ana ta shewa, kiɗa yana tashi. Na ɗauka nan zan mutu, a ƙasar mutane, cikin rigar yara. Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji an kama ni ta hammata an ja ni waje. Aka zaunar da ni jikin tayar mota. Na kai hannu ido, aka buge hannun.

“Kada ka murza, Yaya.”

Ya kama haɓata, ya buɗe mani fatar ido da yatsa, ya hura, ya sake hurawa, ya goge da gefen ƙyallensa. Ya daɗe yana yi. Da na fara gani, ya sauke ƙyallen. Ya rame, haƙorinsa ɗaya na gaba ya fita, amma shi ne. Ya ce tun daga nesa ya gane ni, ba wanda ke tafiya kamar yana ɗauke da buhu sai ni. Ya ce da gangan ya yi, don ya samu ya gudu kafin in gan shi, har ya kai bayan mota. Ya juyo ne don ya ga ana tattaka ni.

Na ce Inna ce, ba ta da lafiya, kwanaki suka rage, ta ce in zo da shi. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Da na ga haka na yi sauri na ƙara da abin da na ɗauka albishir ne, na ce ai gaskiya ta fito tuni, an kama wanda ya yi, ba mai taɓa shi. Ya ɗago ya dube ni.

“Kai sai da aka kama wani ka sani?”

Na ce tsoro ne, na ce injin, na ce iyali. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce zai bi ni saboda Inna, amma da sharaɗi. Ba zai taka ƙauyen nan a matsayin ɓarawon da aka yi wa afuwa ba. In riga shi shiga, in tsaya a masallaci bayan an sallame, in faɗa a gaban jama'a inda ya kwana a ranar, da abin da na ce, sannan in zo in shigo da shi. Na ce na yarda. Na rantse mashi.

Ya tafi mayar da kayan aiki. Nan aka kira magariba, rana ta riga ta faɗi. Na ari buta wurin wani maigadi na tsuguna. Ni kullum haka nake yi in na tashi daga inji, in watsa ruwa gari ya bi ruwa, shi ke nan. Na wanke hannu, na wanke fuska sau uku, na tsefe gemu da ruwa sosai, na kai har gwiwar hannu. Da Isuhu ya dawo ya gan ni sai ya ce inna lillahi, ka jiƙa? Ashe wannan ba a sa mashi ruwa sai an kakkaɓe shi tas yana busasshe, su har mai suke shafawa kafin su fara. Ruwan ya narkar da kalar ta kama fata. Maigadin ya ba ni madubin babur na duba. Gemuna kore shar, furfurar ta fi sha. Goshi ja, kumatu wani ruwan hoda, kunnuwa rawaya. Na wanke da sabulu a gidan su Bala har sau huɗu, kamar ƙara mata zama nake. Isuhu ya ce sai ta yi kwana uku ko huɗu.

Lahadi da asuba muka hau mota. Duk inda aka sauke mu, mai duba kati sai ya dubi hoton ya dubi fuskata, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Yara a Dogondutsi suka bi ni har bakin masallaci. Na naɗe rawani da ƙyalle, zafi ya sa na cire. Isuhu bai yi dariya ko sau ɗaya ba, bai kuma yi mani hira ba. Na sayo nama na ajiye tsakaninmu, ya ce ya ƙoshi, can na gan shi ya sayi rogo yana ci shi kaɗai. Abu ɗaya ya tambaye ni a yinin nan, ko Inna tana nan a ɗakinta na gabas. Muka kwana a Maraɗi, Litinin da sassafe muka tsallaka. Da waya ta kama na kira Larai. Ta ce ta gaya wa Inna muna tafe, Inna ta sha kunu har rabin kofi, ta sa an juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Na ji daɗi, na ce wa Isuhu ka ji, da sauƙi.

Da hantsi muka sauka a tashar Kankiya. A can ba wanda ya san ni, nan kuwa kowa. 'Yan acaɓa suka fara, masu lemo suka ɗauka, wani ya ce Mai Inji ko aljanu ne suka yi maka kwalliya, wani ya ɗaga waya zai ɗauke ni. Wasunku kuna wurin, kun san abin da kuka ce. Ba ku tambayi waye siririn da ke bayana ba. Na hango kaina tsaye a masallacin ƙauyenmu, gaban liman da mai unguwa da surukaina, zan faɗi magana mafi nauyi a rayuwata da koren gemu. Na ce dariya za su yi, ba wanda zai ji abin da nake faɗa. Haka na gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Kunya nake ji, kuma ina neman abin da zai ɗan ja mani lokaci.

Na ce wa Isuhu bari in leƙa wurin wanzami, minti kaɗan. Ya ce in muka hau babur yanzu za mu sami azahar a gida. Na ce in ta wuce akwai la'asar, ai ka ji ta sha kunu. Ya dube ni irin kallon da na sani, ya zauna a kan benci ya ɗora jakarsa a cinya.

Wanzamin ya aske gemun ƙwal, gemun da na yi shekara ashirin ina tarawa. Fatar ƙasansa ma ta sha. Ya ce a kawo lemun tsami da toka, aka dirje. Aka kawo sabulun salo da soso. Wani ya ce kananzir, aka gwada, fuskata ta ɗau raɗaɗi. Kowa da shawararsa, ni kuma duk wadda aka kawo sai in ce a yi. Ina ji aka kira azahar, na yi ta nan bakin rumfar, na koma aka ci gaba da bayan kunne. Wayata tana aljihun rigar da na rataye a ƙusa. Sai da na dubi madubi na ga mutum, sannan na tashi.

Muka ɗauki babura biyu. Mun wuce Kusada, mun wuce Ƙofa, a bakin wata tsamiya da ke wajen ƙauyen Isuhu ya ce a sauke shi, nan zai jira. Na ƙarasa ni kaɗai ana shirin kiran la'asar. Masallaci na nufa, sai na ga ba kowa a ƙofarsa. Mutanen suna ƙofar gidanmu, an shimfiɗa tabarmi.

Larai ta same ni a zaure. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce ta kira ni sau shida. Ta ce da aka sallame azahar Inna ta tambaya ko mun iso, ta ce mata muna hanya. Ta sake tambaya bayan an jima. Ba a fi rabin awa ba da ta cika, idonta a ƙofa.

Na fito na tsaya a gaban tabarmin. Liman yana nan, mai unguwa yana nan, samarin nan na da duk sun zama magidanta suna nan. Na ce Isuhu a rumfar inji ya kwana tare da ni a ranar da aka kore shanu, na sani, aka tambaye ni na ce ban sani ba, ƙarya na yi don tsoro. Na ce yana bakin tsamiya, zan je in zo da shi ya sallaci uwarsa. Maganar ba ta ɗauke ni minti ɗaya ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ɗago kai. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, a yi sauri kada rana ta yi sanyi.

A ƙafa na koma. Yana tsaye, jakar a hannunsa. Daga tsamiyar ana jin kukan mata, ba sai na faɗa ba. Na ce na yi maganar, a gaban kowa. Na ce ya zo, ana jiranmu. Bai motsa ba. Ya daɗe yana duban goshina, da kumatuna, da haɓar da aka aske.

Ya ce, “Ta fita tas, Yaya.”

Sannan ya raɓa ta gefena ya nufi gidan.